Kira ga Hukuma: A Zauna a Tabarma Ɗaya Kafin a Zuba Kwalta

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ayyuka da Mai Girma Ministan da ke kula da kwangilolin gwamnati, a Yawunde, ta hannun Mai Girma Gwamnan Jihar Arewa, a Garwa. Kwafi ga Shugaban Majalisar Jihar Arewa, da magadan garuruwan da ke bakin hanya, da iyayenmu Lamibe da sarakuna.

 

Ranku ya daɗe, daga Pitowa nake rubuto muku, garin da babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa ta tsakiyarsa, tafiyar 'yan mintoci daga Garwa idan an nufi Figil da Marwa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwarmu ta ranar Lahadi ya san matsayin kwalta a wurinmu. Tun daren Asabar motoci ke shigowa: masu albasa daga Bajuma, masu dawa da masara da gyaɗa, 'yan tireda daga Garwa, baƙi daga Yola da Mubi, ga kuma manyan motocin da suka yi lodi a Duwala ko a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere suna wucewa Kuseri da Njamena. Idan hanya ta yi kyau, albasa ta isa kudu da ƙwarinta. Idan ta lalace, direba ya yi kwana uku a inda ya saba yin yini guda, albasa ta ruɓe a buhu, asarar kuma a kan manomin da ya yi watanni yana ban ruwa take sauka. Ni ba injiniya ba ne, amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Mun yi farin ciki da labarin rancen kimanin Yuro miliyan 330 da Bankin Raya Afirka ya amince da shi don sake gina hanyar Ngaundere zuwa Garwa, wadda ramukanta da gangaren dutsen da ke kusa da Mbe suka ci motoci da rayuka masu yawa. Haka kuma mun ji cewa a 2023 Bankin Duniya ya sake ware fiye da dala miliyan 300 don hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri. Muna godiya ga Allah, muna godiya ga duk wanda ya yi ɗawainiya har aka kai ga wannan. Sai dai farin cikin namu yana tafe da fargaba, domin mun taɓa ganin kuɗi sun samu, an kafa allo, an kawo katafila, amma hanya ba ta samu ba. Abin da nake roƙo a wannan takarda ya shafi yadda ake ƙulla kwangilar da yadda masu hannu a cikinta suke zama da juna tun daga ranar sa hannu har ranar miƙa aiki.

Ku ba ni dama in tuna mana da hanyar Mora, domin darasinta bai tsufa ba. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 200, kuma ita ce ƙofar Cadi zuwa teku. An ba kamfanonin Sin aikinta da kuɗin Bankin Duniya. A watan Mayun 2014 'yan Boko Haram suka afka wa sansanin ma'aikata a Waza cikin dare, suka tafi da 'yan Sin goma, waɗanda ba a sako su ba sai a watan Oktoban shekarar. Aiki ya tsaya cik. Bayan shekaru, a 2018, aka damƙa shi ga rundunar injiniyoyin soja bisa wani tsari na biya gwargwadon abin da aka kammala, tare da amincewar bankin. Sojojinmu sun shiga inda farar hula suka kasa shiga, wannan abin a yaba ne. Amma da wa'adin kuɗin ya cika a 2020, mafi yawan hanyar tana nan babu sabuwar kwalta. Fiye da shekara goma ke nan direbobi suna fama da laka da damina, da ƙura da rani, a kan hanyar da aka riga aka ci mata bashi. Babu wanda zai zargi injiniya da harin Waza. Tambayar da ta dame ni ita ce: da masifar ta auku, me ya sa aka ɗauki shekaru kafin masu aikin su samu matsaya ɗaya a kan yadda za a ci gaba? Ina ganin amsar tana cikin irin kwangilar da muka saba da ita, wadda aka gina a kan zaton cewa komai zai tafi yadda aka zana, idan kuma bai tafi haka ba, sai a nemi mai laifi.

Ga yadda abin yake tafiya a mafi yawan lokuta. Wani kamfani ya yi nazarin ƙasa ya zana hanya, wani lokaci shekaru kafin a samu kuɗin ginin. A buɗe takara, 'yan kwangila su kawo farashi, wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi araha ya yi nasara. A ɗauko kamfani na uku ya sa ido. Daga nan kowa ya koma kusurwarsa da takardarsa a hannu. Ranar da gireda ta kankare ƙasa aka tarar da baƙar lakar nan da 'yan uwanmu Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakuwa a kanta, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, alhali zane ya ce ƙasa mai tauri ce, sai ɗan kwangila ya tsaya ya yi lissafi. In ya faɗi gaskiya nan take, za a ce yana neman ƙarin kuɗi ne, a tura takardarsa Yawunde, ya zauna yana biyan hayar injina da albashin leburori har amsa ta zo. In ya yi shiru ya zuba burji ya danne da rola ya shimfiɗa kwalta, zai karɓi kuɗinsa, kuma hanyar ba za ta tona asirinsa ba sai bayan damina biyu ko uku. Mai sa ido shi ma yana gudun a ce ya haɗa baki da ɗan kwangila. Jami'in ma'aikata yana gudun sa hannu a kan canjin da gobe masu bincike za su tuhume shi a kai. Kowa a cikinsu yana iya zama mutumin kirki mai tsoron Allah, amma tsarin ya sa faɗin gaskiya da wuri ya fi ɓoye ta tsada. Nan ne ciwon yake, ranku ya daɗe.

Wasu ƙasashe sun sha wannan ɗacin kafin mu. A Ingila rigingimu tsakanin masu ba da aiki da 'yan kwangila sun yi yawa har gwamnati da masu sana'ar suka sa Michael Latham ya yi bincike, ya fitar da rahotonsa a 1994 yana kira da a riƙa aiki a matsayin ƙungiya ɗaya. A daidai wannan zamani ƙungiyar injiniyoyin ƙasar ta fito da wani samfurin kwangila da ake kira NEC, wanda ya wajabta wa kowane ɓangare ya sanar da ɗan uwansa da zarar ya hango abin da zai ƙara kuɗi ko ya ja lokaci, a zauna a tattauna tun matsalar tana ƙarama. A wasu ayyukan akan yarda da farashin da ake sa ran kashewa, a buɗe littattafan lissafi kowa ya gani, in an gama da rara a raba ta, in an zarce a raba asarar. A Niyu Zilan, da girgizar ƙasa ta Nuwambar 2016 ta rufe babbar hanyar gaɓar teku a Kaikura da zabtarewar duwatsu, hukumar hanyoyi da ta jiragen ƙasa da kamfanoni huɗu suka haɗu a ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya, suka buɗe hanyar a Disambar 2017.

Kada a ce wannan dabarar Turawa ce da ba ta dace da mu ba. Sunanta a wurinmu gayya. Manomi ba ya kiran gayya sai ya tanadi fura da tuwo, masu zuwa kuma ba sa ɓoye masa inda suka ga gona ta yi ƙaiƙayi, domin gobe shi ma zai je tasu. Ko a maƙwabta akwai misali: tun farkon shekarun 2000 Cadi ta gwada ba ɗan kwangila hanyoyin burji na tsawon shekaru, ana biyan sa gwargwadon lafiyar hanyar da yadda mota ke iya bi, maimakon yawan tifar ƙasar da ya ce ya zuba. A nan gida ma, kamfanin auduga na SODECOTON da ke Garwa yana gyara hanyoyin karkara kafin kakar auduga, kuma yakan yi da gaske saboda motocinsa ne za su bi. Duk inda mai gyara ya san cewa lalacewar za ta dawo kansa, aikin yakan yi ƙwari.

To me ke hana mu? Na daɗe ina sauraron direbobi da masu tifa da ƙananan 'yan kwangila da wasu ma'aikatan da suka yi ritaya, kuma duk inda hira ta zagaya, a wuri ɗaya take tsayawa: jinkirin biya. Babu amanar da za ta ƙullu tsakanin mai bin bashi da wanda ke ce masa ya dawo wata mai zuwa. Ɗan kwangila ya kammala wani yanki, a auna, a rubuta takardar biyan da suke kira dekwant, sai ta fara tafiya daga tebur zuwa tebur, daga mai sa ido zuwa injiniyan jiha, daga nan zuwa ma'aikata, daga nan zuwa baitulmali. Idan aikin na rance ne, kason bankin waje yakan fito, kason da gwamnati za ta ƙara kuma ya makara. Wanda ke zaune a ofis yana iya ganin wata uku ba wani abu ba ne. A Arewa wata uku shekara ce. Lokacin aikin ƙasa a wurinmu daga Nuwamba ne zuwa Mayu. Da ruwa ya sauka, mayo, wato rafi, ya cika, ramukan ɗibar burji suka zama tafki, sai injina su kwanta har Oktoba ta wuce. Kuɗin da ya kamata ya fito a Janairu in ya fito a Afrilu, an yi asarar rani guda, kuma ƙasar da aka kankare aka bari babu kwalta ruwan Agusta zai kwashe ta, a sake biyan kuɗin aikin da aka riga aka biya. Ina roƙon a dubi kalandar biyan kuɗin ayyukan Arewa da idon rani da damina, a tabbatar kason gwamnati yana ajiye a asusun aikin kafin a ba da umarnin farawa.

Wannan jinkirin ba a kan babban kamfani yake ƙarewa ba, gangarowa yake yi har ƙasa. Ina da ɗa, ɗan yayana, wanda ya sayar da shanun gadonsa ya haɗa da bashi ya sayi tsohuwar tifa, ya shiga jigilar burji ga wani ƙaramin ɗan kwangila da ke ƙarƙashin wani babban kamfani. Ya yi rani guda cur yana aiki, yana cin bashin man gas da tayoyi. Da ya nemi haƙƙinsa, ƙaramin ya ce babban bai biya shi ba, babban ya ce shi ma jira yake. Babu takardar da ta haɗa yaron da mai aikin na asali, don haka babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sai da ya sayar da motar kafin wani ɓangare na kuɗin ya fito. Yau yana tuƙa motar wani. Irinsa suna da yawa tsakanin Ngong da Gidar, kuma su ne mutanen da ake fatan su zama manyan 'yan kwangilar Arewa na gobe. A Ingila hukumar manyan hanyoyi tana amfani da asusun banki na musamman ga kowane aiki, inda kuɗi ke fita kai tsaye zuwa ga babban kamfani da ƙananan da ke ƙarƙashinsa a lokaci guda. Ina roƙon a yi irin wannan a aikin Ngaundere zuwa Garwa: a rubuta sunan duk ƙaramin ɗan kwangilar da aka amince da shi, a biya shi kai tsaye, kada haƙƙinsa ya kwana a aljihun wani.

Dokar kwangilolin gwamnati ta 20 ga Yunin 2018 ta yarda a ba ɗan kwangila kafin alƙalami har kashi 20 cikin ɗari, amma sai banki ya tsaya masa a kan dukkan kuɗin, sannan ana iya riƙe har kashi 10 cikin ɗari na abin da ya yi aiki a matsayin jingina. Hikimar wannan a fili take, dukiyar jama'a ce ake karewa. Sai dai kamfanin da ya zo daga waje da bankin ƙasarsa a bayansa yana tsallake wannan shinge cikin sauƙi, ɗan Garwa kuwa sai ya jinginar da takardar gidansa. In ana son 'yan gida su shiga gayyar da ƙafafunsu, sai a yanka musu ayyukan da suka yi daidai da ƙarfinsu, kamar kwalbatoci da magudanan ruwa da hanyoyin da ke shiga kasuwanni, a sassauta musu jingina, a kuma ɗora wa babban kamfani nauyin koya musu riƙe littafin lissafi. Kwangilar buɗe littafi ba ta yiwuwa da wanda ba shi da littafin.

Sai batun farashi. Man gas da injina ke sha ya tashi daga sefa 575 zuwa 720 a Fabrairun 2023, ya sake tashi zuwa 828 a Fabrairun 2024. Kwalta daga waje take zuwa, ta sauka a Duwala, ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ta iso mu. Siminti ne kawai muke da shi kusa, a Figil. Wanda ya karya farashi don ya ci takara, sannan wannan tashin ya same shi, ko dai ya gudu ya bar aiki ko ya rage kaurin kwalta. Araha ba ta ado. Shi kansa Bankin Duniya tun Satumbar 2023 ya wajabta a riƙa ba inganci maki a manyan takarorinsa na ƙasa da ƙasa, kada farashi kaɗai ya yanke hukunci. Ina roƙon a bi wannan a ayyukan da muke yi da kuɗinmu, a kuma rubuta ƙa'idar daidaita farashi a fili, wadda za ta yi aiki da kanta in mai ya tashi ko ya sauka, ba sai an yi shekara ana musayar wasiƙu ba.

Akwai wani ɓangare da ba ya sa hannu a kwangila amma yana iya tsayar da ita, wato mutanen bakin hanya. Sau da yawa akan ba ɗan kwangila umarnin farawa alhali ba a biya diyyar gidaje da gonaki da itatuwa ba, ba a kawar da turakun lantarki da bututun ruwa da wayar sadarwa ba. Farashin diyyar amfanin gona da itatuwa kuwa tun dokar 2003 aka tsayar da shi, kuma kowa ya san abin da buhun masara yake a lokacin da abin da yake yau. Mai mangwaron da kakansa ya dasa, in ya tsaya gaban katafila, ba taurin kai yake yi ba. Injina su tsaya, agogon wa'adi yana tafiya, ɗan kwangila ya rubuta neman diyyar zaman banza, gwamnati ta biya abin da ya fi diyyar mai mangwaron. Ba a fafe gora ranar tafiya. A gama da diyya kafin katafila ta iso.

Su waɗannan mutanen kuma suna da ilimin da ba ya cikin zane. Tsohon da ya yi shekara sittin a gefen mayo ya san inda ruwa ya kai a shekarar ambaliya ta 2012, ya san kwarin da yake bushe shekara biyar sannan ya tashi da ƙarfi a ta shida. Mun ga yadda gadar Palar a Marwa ta rufta a Agustan 2020 bayan ruwa mai yawa, manyan motoci suka yi cirko-cirko, kayan Cadi da na Arewa Mai Nisa suka tsaya. Ruwa ne babban abokin gabar hanya a ƙasarmu. Zai yi kyau kafin a tsayar da girman kowace kwalbati, injiniya ya taka da ƙafarsa tare da lawan da jauro da dattawan wurin, a rubuta abin da suka faɗa, a sa a cikin takardun aiki. Allah ya taimaki iyayenmu Lamibe, wannan wuri ne da muryarku za ta yi amfani ƙwarai, domin ku ake kawo wa kuka idan ruwan da hanya ta tare ya shiga gidaje.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce a ƙasar da cin hanci ya yi katutu har aka kafa hukumar CONAC a 2006 don yaƙi da shi, in ka ce jami'i da ɗan kwangila su zauna su fahimci juna, ka buɗe ƙofar haɗin baki. Tsoron nan ne ya sa aka tsaurara dokoki, aka kafa hukumar daidaita kwangiloli a 2001, aka ware ma'aikata guda a 2011. Ban raina wannan ƙoƙari ba. Amma haɗin baki a ɗaki mai duhu ake yin sa, kuma yawan tebura bai hana shi ba, sai ma ya ƙara yawan hannayen da takarda za ta bi. Abin da nake roƙo zama ne a fili. A kafa majalisar aiki da za ta riƙa zama kowane wata a wurin aikin, a Ngong ko Gamba ko Mbe, da wakilin ma'aikata mai ikon yanke hukunci, da ɗan kwangila, da mai sa ido, da magajin gari, da wakilin sarki, da na ƙungiyar direbobi. A ajiye littafi guda na gargaɗin wuri, duk wanda ya hango matsala ya rubuta, a ba da amsa cikin kwanaki ƙididdigaggu. Abin da aka yanke a manna shi a allon ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyo da Fulatanci da Hausa da Faransanci: nawa aka biya, kilomita nawa aka gama, me aka canja kuma don me. Sakamakon gwajin ƙasa da kwalta da hukumar gwaje-gwaje ta LABOGENIE ke yi shi ma a bayyana shi. Jami'in da ya yanke hukunci a gaban shaidu haka, da hujjarsa a rubuce, ya cancanci doka ta kare shi, domin muddin sa hannu yana iya kai mutum kurkuku, ƙin sa hannu kuma ba ya jawo masa komai, takardu za su ci gaba da kwana a aljihun tebur.

Haka nan a naɗa masu sasanci tun ranar farko, ƙwararru da ɓangarorin biyu suka yarda da su, masu ziyartar aikin lokaci-lokaci. Samfuran kwangilar FIDIC da bankunan raya ƙasa ke amfani da su sun riga sun tanadi wannan, abin da ya rage a cika shi da gaske, kada a jira sai rigima ta ƙazanta. A kuma bar injiniyan da ya fara aiki ya kai shi ƙarshe gwargwadon iko, saboda amana da mutum ake ƙulla ta, in ana sauya shi kowace shekara sai a koma farko.

Mu ma masu amfani da hanya muna da namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Doka ta ce gatari ɗaya kada ya wuce tan 13, mota gaba ɗaya kada ta wuce tan 50. Wasu daga cikin 'yan uwanmu masu motoci suna lodin da ya zarce haka, su nemi hanyar wucewa a ma'auni. Babu ɗan kwangilar da zai yarda ya ɗauki alhakin hanya na shekaru in ya san za a bi ta da nauyin da ba a gina ta dominsa ba. Shi ya sa na sa ƙungiyar direbobi da masu motoci a cikin majalisar da na ambata, su ji da kunnensu abin da lodin wuce kima ke ci, su kuma ɗauki alkawari a gaban jama'a. In an tsare ma'auni, to a ɗaure ɗan kwangila da kula da hanyar shekaru bayan ya gama, ana biyan sa daga Asusun Hanyoyi gwargwadon lafiyarta, yadda zai gina ta yana sane cewa shi zai dawo ya cike ramin.

Ban ce a rushe dokar 2018 ba, ban kuma ce a sauya tsarin ƙasa gaba ɗaya a dare guda ba. Roƙona a ɗauki yanki ɗaya daga aikin Ngaundere zuwa Garwa, da wata hanyar karkara guda a ƙarƙashin Majalisar Jiha ko wata ƙaramar hukuma, kamar wadda ke kai shanu kasuwar Adumri, a gwada wannan tsari a kansu da yardar masu ba da rance. Bayan rani biyu a kwatanta su da sauran yankunan: wanne ya fi saurin tafiya, wanne ya fi ƙarancin rigima, a wanne ne masu tifa da leburori suka karɓi haƙƙinsu a kan lokaci. Dokar raba iko ta Disambar 2019 ta ba jihohi da ƙananan hukumomi hurumi a kan hanyoyinsu, kuma su ne suka fi kusa da mai kuka.

A ƙarshen Janairun 2022, da aka gama wasannin cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya, baƙin da suka zo daga Najeriya sun koma suna yabon titunan cikin Garwa. Mun ga abin da ake iya yi idan ma'aikatu da 'yan kwangila suka san cewa rana ɗaya ce ke jiransu duka. Muna roƙon a ba hanyar da ke ɗaukar abincinmu irin wannan kulawa.

Ranku ya daɗe, idan Allah ya kawo ku rangadin Arewa, muna roƙon ku sa ziyarar a cikin Agusta, lokacin da mayo ke cike, ku biyo ta mota daga Ngaundere, ku tsaya a Pitowa ranar Lahadi. Za mu shimfiɗa muku tabarma a tashar manyan motoci, mu kira direbobin Kuseri da masu albasar Bajuma da masu tifar da ke bin bashi, kowa ya zo da takardunsa.

Allah ya ja zamaninku, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.

Naku mai biyayya,
wani ɗan Pitowa, a madadin masu cin abinci a bakin hanya.